Hannun Dogo

Mijin ƙanwata mai tausa ne. Wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa yake wa aiki, shi ne wanda za ka ga ya kwasa da gudu da jaka a hannu idan ɗan wasa ya faɗi yana birgima a fili. Kowa Dogo yake ce masa, ni ma haka, shi kuma ya ce mini Yaya yana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. To, mutumin kirkin ne, ban musa ba. Abu ɗaya ne ke haɗa ni da shi: Dogo ya yi imani babu ciwon da hannunsa ba ya magani. Ka ce kanka na sarawa, ya kama maka wuya. Ka ce ka gaji da duniya, ya ce miƙo kafaɗa. Ni malamar makaranta ce, na saba da yaran da ke da amsa ɗaya ga kowace tambaya, kuma ba na ba su maki.

Ƙanwar tawa ita ce ƙaramarmu, shi ya sa har ta yi aure Auta muke ce mata. Ta daɗe tana jiran ciki, da ya zo kuma bai zauna ba, yana wata uku ya zube. A ƙaramin asibitin unguwarsu aka duba ta, aka ce cikin ya fita amma da alama da saura, aka ba ta magani, aka ce idan jini bai tsaya ba ta dawo a wanke mata ciki. Jini bai tsaya ba, ita kuma ba ta koma ba. Ta hau gado ta juya wa ƙofa baya.

Auta fa ba mai zama ba ce. A babban kanti take aiki, wuni take a tsaye tana jera kaya, ta dawo gida ta hau goge tagar da babu abin da ya same ta. Tun muna yara Mama ke cewa ƙaya ce a kujerar yarinyar nan. Sai ga shi an wayi gari ko banɗaki sai an lallaɓa ta. Kullum na tashi daga makaranta sai na biya, in hau benen nan nasu mai matsattsiyar matakala, in tarar da ita yadda na bar ta jiya, gwiwa a naɗe, labule a sake, ƙarar gudumar masu gyaran mota na shigowa ta taga.

"Tashi mu je asibiti," in ce.

"Gobe, Yaya."

"Goben nan taki ta ƙi zuwa. Jini kike zubarwa, Auta, ba ruwan famfo ba. Dubi idonki, fari fat."

Rannan da na matsa mata sosai, har na ɗauko mata takalmi na ajiye a bakin gado, sai ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "In aka wanke shi ke nan fa, Yaya. Kamar ba a taɓa yi ba."

Na zauna a gefen gadon ina kallon takalmin, ga tausayinta ga haushinta.

Shi kuwa Dogo sai kai-komo. Ya dafa ruwa, ya canza zanin gado, ya wanke, ya shanya, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu a wando. Mutum ne da magana ba ta zauna masa a baki ba. Tun da abin ya faru ban ji ya ambaci cikin ba ko sau ɗaya, ita ma ba ta yi masa zancen ba. Ya kan shigo da shayi ya ce, "Ga shi, da zafi," ta ce, "Ajiye," hirar ta ƙare ke nan. Na ce masa kai ne mijinta, ka ɗauke ta cak ka sa a mota. Ya ce, "Yaya, ina tsoron in ƙara mata." Ya koma ya sake wanke kofin da ya riga ya wanke.

Ana cikin haka ta fara kukan ƙafa. Ƙafar hagu, daga baya, a naman nan na sharaɓa. Ina nan ta faɗa, kuma wallahi a kan idona fuskar Dogo ta washe. Ba murna yake da ciwonta ba, kada a yi masa mummunar fahimta. Mutum ne da ya yi kwanaki yana zagaye ƙofar da ya rasa makullinta, sai ga wata ƙofar ta buɗe masa. Kafin ta rufe baki ya ɗauko jakarsa ta fili, ya fito da tawul da kwalbar man zafi.

Washegari babu makaranta. Na fito tun da safe da niyyar ko ana ha-maza ha-mata yau sai Auta ta ga likita, har na yi magana da wani mai tasi na ce ya jira kirana. Tun daga matakala warin man zafi ya tare ni. Na shiga na same su: ita a rub da ciki, shi a durƙushe a ƙarshen gado, ya naɗe hannun riga, ƙafarta a kan tawul.

"Yaya, sannu da zuwa," ya ce, bai ɗago ba. "Jijiya ce ta ɗaure. Jiya na yi mata, da asuba na ƙara, yanzu ta fara saki."

Na tsaya ina kallon ƙafar. Ta fi 'yar uwarta kauri, fatar ta yi sheƙi, ta ɗan yi ja-ja. Na taɓa da bayan hannu na ji ɗumi.

"Wannan ai kumburi ne, Dogo."

"Kwanciya ce, Yaya. Duk ɗan wasan da ya daɗe a gado haka take yi masa. Jini ne ya taru a ƙasa, sai an kora shi." Ya dafa manyan yatsunsa biyu a saman idon sawu, ya danna, ya tafi da su a hankali har bayan gwiwa. "Kin gani? Ba a yi ƙasa. Abu na farko da ake koya mana ke nan. Kullum sama ake turawa, wajen zuciya, jini ya koma gida."

"To, likitan ƙafa," na ce. "In ka gama lacca, mu za mu je wurin likitan gaske."

Auta ta cije filo saboda zafi, amma da ta juyo da fuska sai na ga abin da na kwana biyu ban gani ba. Goshinta ya saki. Har ta ce, "Yaya, ki ƙyale mini miji, shi kaɗai ne ya san abin da ke damuna a gidan nan." Dogo ya yi ɗan murmushi yana kallon tawul. Rabon da in ga sun haɗa ido tun kafin ɓarin.

Wannan sakin fuskar na kama. Na ce tunda yau akwai bakin tsiwa, akwai ƙarfin saka riga. Ga mamakina ba ta ce gobe ba. Ta ce to. Na kira mai tasi, na buɗe kwaba na ciro doguwar riga na saka mata, Dogo ya tafi wanke hannu yana yin fito.

Ta zauna a bakin gado, ta sauke ƙafafu, ta miƙe. Taku biyu ta yi zuwa wajen madubi sai ta tsaya. Ta dafa ƙirji.

"Yaya," ta ce.

Na ɗauka jiri ne na wanda ya daɗe a kwance. Na riƙe ta ina cewa zauna, zauna ya wuce. Amma ba jiri ba ne. Numfashi take ja yana katsewa a rabi, kamar wadda ta hau bene da gudu, ga gumi ya karyo mata lokaci ɗaya. Ta yi tari, ta ce ƙirjinta, nan gefe, kamar ana soka mata wuƙa. Na dubi leɓenta na ga launinsa ya canza.

"Dogo!"

Ya shigo da kumfar sabulu a hannu. Wannan karon bai tsaya jin ra'ayin kowa ba, ya sure ta kamar jaririya. Matakalar nan ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, sai da ya bi ta a karkace, kafaɗarsa na gogar bango, ni ina biye da takalminta a hannu ina ta faɗin sunan Allah. Masu gyaran mota suka ajiye guduma suna kallo. Mai tasi ya ga yadda muka fito, bai tambayi komai ba ya buɗe ƙofar baya.

Hanyar babban asibiti ba ta da nisa, amma ranar kamar an ja ta. Muka faɗa cunkoso a shataletale, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, kowa na danna oda kamar odar ce za ta ɗaga ta. Na sauke gilashi na leƙa ina yi wa mutane ihu, muryar da nake tsawata wa aji guda da ita, babu wanda ya ko waiwayo. Auta ta ƙi kwanciya, ta ce in ta kwanta iskar ƙarewa take, sai ta zauna ta jingina da ƙirjin Dogo, baki a buɗe. Jini kuma ya ɓata rigar da na saka mata, ya fara taɓa kujera. Dogo ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya kai shi kan ƙafar ya ci gaba da murzawa a hankali, yana cewa, "Ja numfashi, ja, mun kusa." Mai tasi ya hau gefen titi, ya bi ta gaban shagunan mutane, ana zaginsa yana ba da haƙuri.

A ɗakin gaggawa ba su ɓata lokaci ba. Wata nas ta maƙala mata wani abu kamar matsin shanya a yatsa, ta dubi lambar da ta fito a allo, ta ɗaga murya ta kira likita. Nan da nan aka ɗora ta a gado, aka rufe mata hanci da baki da robar iska, aka huda hannu aka sa ƙarin ruwa. Likitar mace ce, gajera, gilashinta a saman goshi, mai magana da sauri kamar ana jiran ta a wani wuri, kuma ana jiran nata. Ta jero mana tambayoyi: yaushe cikin ya zube, an wanke ko ba a wanke ba, tun yaushe take kwance. Ni nake amsawa. Aka tura gadon ɗakin hoto, aka bar mu a baranda.

Ban iya zama ba. Na je ƙarshen barandar na dawo, na sake zuwa. Na kira Mama, da ta ɗauka sai na rasa ta inda zan fara, na ce mata mun kawo Auta a duba ta ne kawai, zan sake kira. Ta ce muryarki ba ta yi mini ba. Na ce hayaniyar asibiti ce. Wani mai shara ya zo yana goge ƙasa, duk inda na tsaya sai ya ce Hajiya ɗan matsa, har na ji kamar in karɓe sandar in goge masa barandar kowa ya huta.

Da likitar ta fito, ta ja mu gefe kusa da taga.

"Abu biyu ne," ta ce. "Akwai sauran ciki a mahaifa, shi ke sa jini. Wannan mun saba da shi. Na biyun shi ne babba. Mai ciki jininta na saurin daskarewa, ko da cikin ya zube, balle ta daɗe a kwance ba motsi. Jini ya daskare mata a jijiyar ƙafar hagu. Wani gudan ya ɓalle, ya bi jijiya ya wuce ta zuciya, ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Shi ya sa numfashi ke gagararta."

Ta sauke gilashin kan hanci ta dubi takardar hannunta. "Ƙafar na warin man zafi. Akwai wanda ya matsa mata ne?"

"Ni ne," Dogo ya ce da sauri, har da ɗan matsowa gaba. Ya ɗauka an zo fagen da zai taimaka. "Sana'ata ce, likita. Tun jiya nake yi mata, yadda ya kamata, ba irin na gida ba." Ya ɗaga hannu ya kwatanta a iska, manyan yatsu biyu a haɗe suna tafiya sama. "Daga idon sawu zuwa gwiwa. Sama nake turawa kullum, wajen..."

Bai ƙarasa ba. Hannun ya tsaya a iska daidai ƙirjinsa. Na ga lokacin da maganar likitar ta ɗazu ta iso masa, ya ji ta da kunnen sana'arsa.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Irin wannan ƙafar ba a matsa ta, malam. Kama take da ɗaurewar nama, mutane da yawa na ruɗewa. Gudan jini kan ɓalle da kansa ko ba a taɓa ba, ba wanda zai rantse maka cewa hannunka ne. Amma daga yanzu kada kowa ya taɓa ta, don akwai saura a ciki."

"Na gode," in ji Dogo. Ban san me yake gode wa ba, shi ma ba na jin ya sani.

Ta ci gaba, don ba ta da lokacin jiran kowa ya farfaɗo. Maganin gudan jini shi ne a tsinka jinin, a hana shi daskarewa. Amma mace mai zubar da jini in aka tsinka mata shi, zubar ƙaruwa take. In an jira, huhu ba ya jira. Saboda haka za su shiga da ita yanzu su wanke mahaifar da gaggawa, ba tare da sun sa ta barci mai nauyi ba, don ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Da zarar jinin ya lafa sai su sa maganin. Tsakanin wannan da wancan, ta ce, sai addu'a. Kuma ana bukatar jini.

"A ɗebi nawa," Dogo ya ce. "Irinmu ɗaya."

Aka ba shi biro ya sa hannu. Mutumin da ke iya gano zaren nama guda a cinyar ɗan wasa ido rufe, sai da biron ya faɗi ƙasa na ɗauko masa.

Suka wuce da Auta ta gabanmu. Idonta a buɗe, yana yawo a saman robar, ya sauka kaina ya koma kansa. Ta ɗaga yatsu. Ni na kama su, na bi gadon har ƙofar da aka ce iyakata ke nan. Da na waiwayo Dogo na tsaye inda muka bar shi.

Bayan an ɗebi jininsa ya dawo da auduga a gwiwar hannu, ya zauna a benci. Sai na lura da yadda ya zauna: ya tura tafukansa biyu ƙarƙashin cinya ya danne, irin zaman da yaro ke yi a aji bayan an kama shi da ɓarna. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu. Ashe ƙungiyarsu na da wasa da yamma, mai horar da su ne ke nemansa. Da ƙarar ta ishe ni na zaro wayar da kaina na ce matarsa na ɗakin tiyata, su nemi wani. Mutumin ya fara cewa ai akwai ɗan wasan da ba ya yarda da hannun kowa sai na Dogo. Na kashe.

Wani dattijo da ke kusa da shi a bencin, mai jiran ɗansa, sai juya wuya yake yana cewa wash, ya kwana a kujera wuyan ya ƙage. Da a jiya ne, kafin ya rufe baki an kama masa. Dogo ya kalli ƙasa.

Ni kuwa na auna barandar nan da ƙafa har na san inda tayil ya fashe. Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai na waiwaya. Nas ta fito da gudu, ta koma da ledar jini. Wata ta fito tana dariya da waya a kunne, na ji kamar in shaƙe ta, ko da yake ba ta yi mini komai ba. Rana ta karkata, hasken taga ya tashi daga ƙasa ya hau bango. Mama ta sake kira, wannan karon na faɗa mata gaskiya, na ji salatinta da ƙarar wani abu da ya faɗi daga hannunta.

"Yaya," Dogo ya ce, bai ɗago ba. "Ki faɗa."

"In faɗi me?"

"Abin da ke bakinki. Kin ce kumburi ne. Kin faɗa, na ji da kunnena."

Akwai magana a bakina, ba zan ɓoye ba, tun safe take taruwa, kuma na iya jera ta yadda za ta shiga har ƙashi. Na dube shi. Ƙato guda ya zama abin tausayi, wuya ya shige kafaɗa, warin man nan har yanzu yana tashi daga rigarsa. Haushinsa nake ji kamar in mutu, kuma na san duk duniya babu mai son yarinyar nan kamarsa.

"Ba ni da lokacinka yanzu," na ce. "Matsa in zauna."

Ya matsa. Na zauna, ban kai ko'ina ba na sake miƙewa.

Sai wajen la'asar likitar ta fito, ta cire hular tiyata, gashinta ya manne da gumi. An wanke, ta ce, jinin ya lafa, sun fara sa maganin ta jijiya. Na buɗe baki zan yi hamdala ta ɗaga mini hannu.

"Ba mu tsallake ba tukuna. Zuciyarta na aiki da ƙyar, tana tura jini ta hanyar da ta toshe. Za ku iya ganinta, amma kaɗan. Abu biyu nake roƙo: kada a taɓa ƙafar, kada kuma a faɗa mata abin da zai tayar mata da hankali. Ko kuka ba na so ta yi mai ƙarfi. Duk wata magana ta jira."

Ta dubi Dogo lokacin da ta faɗi ta ƙarshen. Ya gyaɗa kai.

Ɗakin sanyi ƙalau, gadaje kaɗan, kowanne da allonsa mai ƙara ɗiɗ-ɗiɗ. An ɗaga wa Auta kan gado, robar na fuskarta, igiyoyi sun fito ta wuyan riga. Ta ƙanƙance a cikin zanin. Na tsaya ta wajen kanta, Dogo ya tsaya can ƙarshen gado, hannu a baya.

Ta ja robar gefe kaɗan. Muryar ba ta fita sosai, sai da na sunkuya.

"An wanke?"

"An wanke, Auta."

Ta rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunne. Na goge mata da bakin mayafina ina cewa ya isa, ya isa, likita ta hana, ina satar kallon lambobin allon da ban san ma'anarsu ba. Ta yi ta jan iska har ta ɗan natsu. Sannan ta buɗe ido ta nemi mijinta.

"Dogo."

"Na'am."

"Ƙafar nan ta dame ni." Ta yi ƙoƙari ta zuro ta daga ƙarƙashin zani, kumburarriya, ta tura ta wajensa. "Zo ka ɗan matsa mini. Kaɗan kawai."

Bai motsa ba.

Na yi sauri na ce, "Asibiti ne nan, Auta, ba a yin wannan. Sai an koma gida."

Ba ta ko kalle ni ba, shi take kallo. "To ka dafa kawai," ta ce. "Ka ɗora hannunka."

Hannuwan na bayansa, ɗaya ya riƙe ɗaya. Ya dubi ƙafar, ya dubi allon da ke kirga bugun zuciyarta.

Auta ta daɗe tana jira. Sai fuskarta ta canza a hankali, irin ta wadda ta gano wani abu da ta daɗe tana tsoro.

"Tunda an wanke," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, "ba sauran abinka a jikina ko? Shi ya sa."

Bakinsa ya buɗe. Na san abin da ke kan harshensa, kalma kaɗan ce, da ta wanke shi daga wannan zargin tas. Ƙarar allon ta ɗan ƙara sauri. Ya saurare ta, ya rufe bakin.

"Ki huta," ya ce.

Ta mayar da robar kan hancinta da kanta, ta juya fuska wajen bango. Dogo ya fito da hannu ɗaya, ya kama gefen zanin da yatsu biyu, ya ɗaga shi sama sosai yadda ba zai goge ta ba, ya rufe ƙafar.